Pega Ta Daina Tono

Dorijan bai faɗa wa kowa abin da yake tsoro ba sai mahaifiyarsa Nives, ita ma sai da ya tashi ya rufe tagar kicin da ke kallon gidan maƙwabta. Ya dawo ya zauna, ya ture gahawarsa gefe.

"Mama, tsoro nake ji," in ji shi. "Ina jin an lalata mana Pega."

Bai ambaci sunan kowa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta dai dubi tagar da ya rufe, sannan ta leƙa ƙarƙashin tebur, inda karyar take kwance ta ɗora haɓa a kan takalminsa.

Pega karya ce mai nannaɗaɗɗen gashi, irin waɗanda ake shiga daji da su neman tartufi, naman kazan nan da ke ɓuya cikin ƙasa a jikin saiwar bishiya, wanda sai hancin kare ke gano shi. Ita ce ta ƙarshe da mahaifinsa Ferucio ya yi renonta. Da ya rasu a ƙarshen hunturu, ya bar ta da rabin horo, ya kuma bar wa ɗansa wani abu da ba ya cikin takardar gado: wani kwari mai danshi a can cikin daji, tsofaffin bishiyoyi sun kewaye shi, inda ya shekara da shekaru yana fito da farin tartufi. Ko matarsa ba ta san hanyar wurin ba. Dorijan kansa sai da ciwo ya ci ƙarfin tsohon aka kai shi, aka kuma sa shi ya yi alkawarin riƙe bakinsa. Haka mutanen gaɓar kogin Mirna suke. Maƙwabci zai ba ka aron motarsa, ya yi jinyarka a asibiti, amma in ka tambaye shi inda ya tono na jiya, sai ya nuna maka gabas alhali daga yamma ya fito.

A bayan tagar nan kuwa maƙwabcinsu Silvano ne, wanda ya kwashe rayuwarsa yana bin sawun Ferucio ko zai gano kwarin. Saboda shi ne marigayin ya saba ajiye mota a wani gefen daji ya zagaya da ƙafa.

Aibin Pega ɗaya ne tun tana ƙarama. In ta tono tartufi, kafin mutum ya iso ta lanƙwame rabi. Ferucio yakan yi dariya ya ce za ta daina, ya cusa mata gutsuren burodi a baki ya karɓe ragowar. Dorijan ba shi da wannan natsuwar. Yana da difloma a aikin gona, aikinsa kuma duba ingancin man zaitun a ma'aikatar matsar mai ta ƙungiyar manoma, mutum ne da ba ya son barin abu ga sa'a. Ya bincika, ya tambaya, ya karanta abin da mutane suka rubuta, har ya tsayar da shawara a kan wani mai horar da karnuka da ake kira Mladen, can bayan garin Pazin, mai tsabtataccen fili da takardun shaida jere a bango. Pega ta yi 'yan makonni a wurinsa lokacin zafi. Ta dawo da ladabi kamar an sake ta: a ce zauna ta zauna, a ce zo ta zo, ba haushi, ba tsalle. Nives ta ce karyar ta yi shiru da yawa. Dorijan ya ce ai shi ne horo.

Da kaka ta shigo aka buɗe daji don neman tartufi, sai Pega ta daina samun komai. Ba a kwarin mahaifinsa ya fara gwada ta ba, domin ya lura motar Silvano tana yawan kwana a bakin hanya. A wuraren da kowa ke bi ya kai ta. Takan tafi tana shinshina kamar da, sai kwatsam ta tsaya, ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ta yi wa wani wuri babban zagaye, ta zo ta laɓe a bayan ƙafafunsa tana rawar jiki. Kowa a ƙauyen ya san abin da masu hassada ke yi a daji. Akwai mai zuba man gas a gindin bishiya, akwai mai barbaɗa barkono, akwai wanda ya fi su mugunta, mai jefa nama da guba. Dorijan ya sa mata takunkumi. Ya fara duba sawun takalma a laka, kuma duk inda Pega ta firgita sai ya ga kamar akwai sawu mai faɗi irin na Silvano. Ya kuma tuna ranar da ya ga Loredana, 'yar Silvano, ta miƙo hannu ta kan shinge tana ba Pega wani abu. Ta ce cuku ne. Wa ya sani?

Nives ta saurari duk wannan, ta ce Silvano ɗan sa ido ne, amma ba ta taɓa jin ya cuci dabba ba. Ta ce in yana zargin an zuba wani abu a ƙasa, to ya tona ya gani mana.

Washegari da sassafe ya yi hakan. Inda Pega ta fara ja da baya, ya ɗaure ta nesa, ya sa safar hannu, ya durƙusa da ɗan daginsa. Ya shinshina ganyen da suka zuba bai ji gas ba. Ya tona a hankali yana jiran ya ci karo da ruɓaɓɓen nama. Ƙamshi ne ya fara bugun hancinsa, sannan bakin dagin ya taɓa abu. Farin tartufi ne, lafiyayye, kusan girman ƙwan kaza. Ya daɗe a durƙushe da shi a tafin hannu. Ashe hancinta lafiya lau yake. Ta ji ƙamshin sarai, shi ne kuma abin da take gudu.

A gida ya ajiye shi a tsakar kicin, Pega ta shige ƙarƙashin tebur ta ƙi fitowa. Nives, wadda ta daɗe tana cewa gashin karyar ya cukurkuɗe, ta lallaɓa ta jawo ta, ta ɗauki almakashi. Tana cikin rage gashin wuya sai ta tsaya, ta kira shi ya zo ya gani. A ƙarƙashin maƙogwaro akwai tabo biyu 'yan ƙanana a jere, fatar ta yi sumul, gashi bai sake fitowa ba. Ta kuma faɗa masa abin da ta yi ta gani ba ta ɗauke shi komai ba: duk safiya in na'urar awon jininta ta yi 'yar ƙarar nan siririya, Pega takan kwanta ta manna ciki da ƙasa.

Dorijan ya tafi wurin Mladen shi kaɗai. Mutumin ya tare shi da fara'a, ya tambayi lafiyar ɗalibarsa, bai kuma yi musu ba ko kaɗan. Ya buɗe durowa ya fito da abin wuya na roba mai ɗan akwati a jiki, da ƙarafa biyu masu tsini a ciki, da rimot. Ya yi bayani kamar mai koyar da aji: abin yakan yi ƙara tukuna, in kare bai bari ba sai a danna, lantarki ya ɗan ja shi. Ya ce cizon sauro ya fi shi zafi, kuma duk mai horo da ya san aikinsa yana da irinsa, masu musu ma suna da shi a ɓoye.

"Me ka ce mini ranar da ka kawo ta?" in ji Mladen. "Ka ce kada ta ci. To, ta ci?"

Ya ce Dorijan ya miƙo hannu ya ji da kansa. Dorijan ya miƙa, amma idonsa yana kan babban yatsan mutumin, ya kuma ga yadda ya murza ɗan maɓallin ƙarfin lantarki da ke gefen rimot ɗin har ƙasa kafin ya danna. Abin da ya ji bai wuce tafiyar tururuwa ba. Ya tambaya a wace lamba aka sa wa Pega. Mladen ya ce kowane kare da lambarsa, ya mayar da abin durowa ya rufe. Ya ce a dawo masa da ita mako guda ya daidaita ta, in kuma Dorijan ya fi so, ya sayar masa da abin wuyan ya ƙarasa da kansa. Dorijan ya yi godiya, domin an rene shi da yin godiya, ya fito. A mota ya zauna ya ɗan jima bai tayar ba, yana sauraron filin. Karnuka cike da keji, amma ko ɗaya bai yi haushi ba.

Likitan dabbobi ya duba wuyan ya ce fata ta warke, sauran ciwon ba na allura ba ne. Ya ce ya san mutum ɗaya a yankin da ke aiki da karnukan da aka firgita, ba ta amfani da lantarki ko duka, har daga birnin Rijeka ana kawo mata. Ya yi mamakin yadda Dorijan bai san da ita ba, alhali shinge ne kawai tsakaninsu.

Sai da Dorijan ya yi kwanaki yana juya maganar kafin ya ƙwanƙwasa ƙofar Silvano. Tsohon ne ya buɗe, ya dube shi, ya dubi Pega.

"Ɗan Ferucio a ƙofata? Ko daji ya ƙone ne?"

"Wurin Loredana na zo, Kawu."

"Shigo, shigo. Ka kakkaɓe takalminka a waje, kada in ga kalar lakar in gane inda ka fito."

Dorijan bai yi dariya ba. Ya riga ya wanke takalmin tun a gida.

Loredana ta girme shi da 'yan shekaru, mace ce mai magana a hankali da aljihun riga cike da gutsattsarin cuku. Tana sauraron labarin, shi kuwa idonsa na yawo. Ya leƙa rumfar kayanta, ya dubi abin da ke rataye a ƙusoshi, ya sunkuya kamar mai shafa wani kare da ke wurin alhali wuyansa yake lalubawa. Ta bar shi ya gama, sannan ta juye aljihunta ta ce ya duba nan ma. Kunya ta kama shi, amma ya duba. Ya kafa sharaɗi cewa Pega ba za ta kwana a wurin kowa ba, kuma duk abin da za a yi mata a gabansa za a yi. Ta ce ai ko bai faɗa ba, ba ta karɓar kare ba tare da mai shi ba.

Aikin ya tafi a hankali har ya riƙa ba shi haushi. Ta ƙulle ɗan ɓarin tartufi a tsohuwar safa ta ajiye can ƙarshen fili, ta zauna a ƙasa tana ba Pega cuku, ba ta ce mata komai. In karyar ta juya baya, a bar ta. In ta kalli safar, cuku. Kullum da yamma bayan ya taso daga aiki, safar takan matso kaɗan. Silvano yakan zauna a kan benci yana fere sanda, yana jefo magana: wai a zamaninsu kare ne ke nema wa mutum abinci, yanzu mutum ke bin kare da cuku. Wani lokaci kuma sai ya tambaya, kamar ba da wata manufa ba, ko Ferucio ya fi son gefen da rana ke fitowa. Dorijan yakan ce bai sani ba.

Wata rana Pega ta ɗora ƙafa a kan safar ta kaɗa wutsiya. Amma da suka kai ta bakin daji, ta koma gidan jiya. A fili ta yarda, a ƙarƙashin bishiyoyi ba ta yarda ba. Loredana ta ce da alama a cikin kurmi aka riƙa danna mata abin, shi ya sa ganye da danshi da ƙamshin suka haɗe mata wuri ɗaya. Ta tambaye shi inda Pega ta fara tono tana ƙarama, lokacin da tono wasa ne da burodi. Ta ce a can ne ya kamata a kai ta, inda ba ta taɓa jin zafi ba, kuma tana so ta je ta tsaya gefe ta gani, domin akwai abin da shi yake yi da jikinsa wanda ba ya iya gani.

A kwarin mahaifinsa ne Pega ta fara tono. Dorijan ya dube ta, ya dubi bencin da babu kowa a kai yanzu. Ya ce zai yi tunani. A hanyar gida ya jera abubuwan a ransa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake jera kwalaben mai a wurin aiki. Cukun da aka miƙo ta kan shinge tun kafin ya nemi taimako. Likitan dabbobi, wanda kowa ya san suna farauta tare da Silvano. Tambayar gefen da rana ke fitowa. Haƙurin da aka yi ta yi da shi har ya saki jiki. In dabara ce, an tsara ta da kyau. In kuma ba dabara ba ce, to ga mace ta ba da yammacinta na makonni saboda karyar maƙwabci, shi kuma yana lissafa ta da ɓarayi.

Nives ba ta sauƙaƙa masa ba. Ta ce mahaifinsa ya sha tafiya cikin ruwan sama ta doguwar hanya don kada mutumin nan ya ga inda ya nufa. Ta kuma ce shi ɗin dai ne yakan cire rigarsa ya naɗe Pega in ta jiƙe. Ta ce ba ta san wanne ya fi so ba, ba ta taɓa tambayarsa ba.

Sai ya yanke ya gwada shi kaɗai. Ya ajiye mota inda mahaifinsa ke ajiyewa, ya zagaya, yana tsayawa yana waiwaye. Da suka gangara kwarin, Pega ta canza. Kunnuwanta suka miƙe, ta ja igiya, ta nufi gindin wata bishiya da gudu kamar 'yar kwikwiya. Ya cire mata takunkumin. Ta shinshina, ta yi atishawa, ta ɗaga ƙafa ta karci ƙasa sau ɗaya, ta sake. Ya matsa don ya riga ta kafin ta kai baki. Bai yi tsawa ba, bai ɗaga hannu ba, ya tabbata bai yi ba. Amma Pega ta waiwayo ta dube shi, ta zube ta manna ciki da ƙasa, ta runtse ido tana jira.

Ya zauna kusa da ita a kan jiƙaƙƙen ganye. Ya sake bin abin da ya yi daki-daki, bai gano inda kuskuren yake ba. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne, in ya sake yi sau ɗaya ko biyu, wannan wurin ma zai zama mata kamar sauran, daga nan kuma babu wani wurin da ya rage.

Da yamma ya tarar da Loredana tana shanya barguna a jikin shinge. Ya faɗa mata abin da ya faru ba tare da ya ce a ina ba. Ta ce tana da zato, wataƙila hannunsa ne da yake kai wa aljihu, wataƙila yadda yake sunkuyowa ta samanta, amma zato ne kawai sai ta gani. Ta ce ta san abin da yake tunani, a gidan Silvano ta girma. In yana so ta bar wayarta a gida, in ma yana so ya ɗaure mata ido da ɗankwali ya ja ta da igiyar Pega.

"In Kawu ya tambaye ki fa?"

"Zai tambaya. Da safe zai tambaya, da rana ya tambaya, ya sa a dafa mini abin da nake so ya sake tambaya."

"Me za ki ce?"

"Zan ce na je aiki. Ba ni da wata shaida da zan ba ka, Dorijan. Ni ba ni da takarda a bango."

Ta can bayanta ya hango Silvano a bakin rumfa, yana goge dagi da tsumma, kansa a sunkuye kamar ba ya ji. Ko yana ji, ko ba ya ji, Dorijan bai iya ganewa ba, ya kuma san ba zai taɓa ganewa ba.

Ya shiga gida. Nives tana murza ƙullin taliya a kan tebur, Pega tana ƙarƙashi. Da ya ja kujera, karyar ta fito ta ɗora haɓa a gwiwarsa, sai yatsansa ya sauka a kan tabon nan biyu, inda gashi bai rufe ba har yanzu. Ya tuna shi ne ya ɗauke ta a mota ya kai ta, bayan duk bincikensa, saboda tsabtar fili da takardu. A wancan karon ya tabbata, ga abin da tabbacin ya haifar. A wannan karon bai tabbata da komai ba.

Ya tashi ya nufi tagar. Nives ta ɗaga kai, tana tsammanin rufewa zai yi. Ya tura ta ta buɗe gaba ɗaya, har ana jin ƙarar tsumman Silvano a jikin ƙarfe.

"Loredana," ya kira. "Gobe da safe ki shirya, zan kai ki wurin tonon Baba. Ki bar wayar a gida. Ɗankwalin kuma ba sai kin ɗauko ba, ina so ki ga abin da nake yi mata."